Marcello Malpighi: likitan da ya leƙa ƙarƙashin fatar ɗan Adam da madubi

A duk lokacin da wani magidanci a Gumel ko Gagarawa ko Sule Tankarkar ya ɗora yatsansa a kan na'ura domin yin rajistar katin zaɓe ko katin ɗan ƙasa, abin da na'urar ke karantawa shi ne siraran layukan nan da ke kwance a kan fatar yatsa kamar kunyoyin gona. Ɗaya daga cikin mutanen farko da suka sanya waɗannan layuka a ƙarƙashin madubin ƙara girman abu, wanda a yau muke kira madubin likita, suka kuma rubuta abin da suka gani, shi ne wani likita ɗan ƙasar Italiya mai suna Marcello Malpighi. Ya rasu a shekara ta 1694, wato fiye da shekaru 50 kafin kafuwar masarautar Gumel, amma har ya zuwa yau ɗaliban aikin likita na haddace sunansa, saboda akwai wani sashe na fatar ɗan Adam da ake kira da shi, akwai kuma wasu a cikin ƙoda da saifa.

Maraya a jami'ar Bolonya

An haifi Malpighi a cikin watan Maris na shekara ta 1628 a Crevalcore, wani ƙaramin gari da ke kusa da birnin Bolonya, a yankin da ke ƙarƙashin mulkin Paparoma a wancan zamani. A wannan shekarar ce kuma likitan nan na Ingila, William Harvey, ya wallafa littafinsa da ke bayyana cewa jini zagaye yake yi a cikin jiki, yana fita daga zuciya yana komawa cikinta. Harvey ya bar tambaya guda da bai iya amsa ta da shaidar ido ba, wato ta wace hanya jinin ke tsallakawa daga jijiyoyin da ke fitar da shi zuwa waɗanda ke mayar da shi. Jaririn da aka haifa a Crevalcore shi ne zai amsa ta bayan shekaru 33.

Ya shiga jami'ar Bolonya yana matashi, inda ya fara da karatun falsafa. Yana da shekaru 21 iyayensa duka biyu suka rasu, nauyin ƙannensa ya dawo kansa, amma duk da haka ya koma makaranta ya kama karatun likita. Ilimin da ake koyarwa a lokacin ya dogara ne a kan littattafan magabata, musamman na Jalinus, likitan nan Bagirke, da kuma Alƙanun na Ibn Sina, wanda aka fassara zuwa harshen Latin tun ƙarni na 12. Akasarin shehunan jami'ar na ganin cewa abin da ke cikin waɗannan littattafai ya wadatar. Malaminsa Bartolomeo Massari yana cikin 'yan ƙalilan da ke da wani ra'ayi dabam, domin yakan tara ɗalibai a gidansa suna feɗe dabbobi don su gani da idonsu. Malpighi ya shiga wannan da'ira, daga bisani ma ya auri ƙanwar malamin nasa, Francesca Massari. A shekara ta 1653 ya sami digirin dakta a fannin likita da falsafa, duk da adawar da wasu hukumomin jami'ar suka nuna masa saboda shi ba haifaffen birnin ba ne.

A shekara ta 1656 sarkin Tuskani, Ferdinando na biyu, ya gayyace shi koyarwa a jami'ar Pisa. A can ya haɗu da Giovanni Alfonso Borelli, masanin lissafi da ke bin tafarkin Galileo, wanda ke kallon jikin mai rai a matsayin haɗakar ƙananan injuna da ido ba ya iya gani. Wannan tunani ya kama zuciyar Malpighi har ƙarshen rayuwarsa. Ya koma Bolonya a shekara ta 1659, shekarar da kuma wata musiba ta afka wa gidansu: rikicin da ke tsakanin iyalinsa da iyalin Sbaraglia ya kai ga ɗan'uwansa Bartolomeo ya kashe Tommaso Sbaraglia. Ɗan'uwan mamacin, Giovanni Girolamo Sbaraglia, shi ma likita ne, kuma za mu sake cin karo da shi a gaba.

A shekara ta 1661 Malpighi ya aike wa Borelli wasiƙu biyu a kan huhu, aka kuma buga su. Ya hura huhun kwaɗo, ya busar da shi, ya duba shi da madubi a gaban haske, sai ya ga wata raga ta siraran jijiyoyi, waɗanda suka fi gashi sirantaka, tana haɗa manyan jijiyoyin biyu. Kwaɗin da ya feɗe kafin ya kai ga haka ba su ƙirguwa. Tun a ƙarni na 13 Ibn Nafis, likitan da ya yi aiki a Alƙahira, ya yi hasashen cewa dole akwai wasu ƙananan kafofi a cikin huhu da jini ke bi. Harvey kuwa ya rasu a shekara ta 1657, bai ga tabbacin maganarsa ba.

Daga harshen sa zuwa tafin hannu

Aikin Malpighi a kan fata ya faro ne a tsibirin Sisili, inda ya koyar a jami'ar Mesina daga shekara ta 1662 zuwa 1666. Abin sha'awa shi ne ba da fatar mutum ya fara ba, da harshen sa ya fara, kuma dabarar da ya yi amfani da ita ba za ta zama baƙuwa ga mahautan kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis ba, ko ga duk uwargidan da ta taɓa gyara kai da ƙafa. Idan aka tsoma harshen sa a tafasasshen ruwa, ɓawonsa na sama mai kaushi yakan saɓule. Mai girki zubar da shi take yi. Malpighi kuwa tsayawa ya yi yana ɗaye shi a hankali, hawa bayan hawa, yana duba kowanne da madubi.

Ya tarar da hawa uku. Na sama shi ne ɓawon mai tauri. A ƙarƙashinsa akwai wata shimfiɗa mai laushi da danshi, wadda ta bayyana gare shi cike da huje-huje kamar rariya. A ƙarƙashin wannan kuma akwai dubban 'yan ƙananan tsirori da ke leƙowa sama ta cikin hujojin. Da ya bi diddiginsu sai ya ga jijiyoyin saƙo na shiga cikinsu, saboda haka ya yanke cewa da su ne harshe ke jin ɗanɗano. Wani ɗalibin Borelli mai suna Lorenzo Bellini shi ma ya wallafa makamancin wannan bincike a shekara ta 1665.

Daga nan Malpighi ya yi wa kansa tambayar da ta kai shi ga fata. Idan harshe na jin gishiri da ɗaci ta hanyar waɗannan tsirori, da me hannu ke bambance laushi da kaushi, ko sanyi da zafi? Sai ya koma kan ƙafafun dabbobi yana ɗaye su kamar yadda ya yi wa harshe, kafin ya waiwayi hannun ɗan Adam. A nan ma ya sami tsarin nan na hawa-hawa: fatar sama, da shimfiɗar tsakiya mai laushi, da fatar ciki mai kauri wadda tsirorin ke fitowa daga cikinta. A kan yatsa ya ga layukan da ke lanƙwasa suna kewaya juna, ya kuma ga cewa a bisa tsakiyar kowace kunya akwai jerin ƙananan kafofi da gumi ke fitowa ta cikinsu. Ya buga wannan bincike a shekara ta 1665, a wani ɗan ƙaramin littafi a kan gaɓar jin taɓawa. Littattafan koyar da 'yan sanda da dama kan ambaci shekara ta 1686, amma wannan ita ce shekarar da aka fara buga tarin ayyukansa a Landan. Shimfiɗar tsakiyar ita ce ake kira da sunansa har yanzu.

Akwai inda ya yi kuskure. Hujojin da ya gani ba halittar shimfiɗar ba ce, gurbin tsirorin ne da suka zare a lokacin da ya ɗaye ta. Kazalika ya ɗauke ta a matsayin wani abu mai kama da majina, alhali ƙwayoyin halitta ne masu rai jere a kan juna, waɗanda madubinsa ba ya iya rarrabewa. A yau an san cewa a nan ne ake haifar sababbin ƙwayoyin fata, su riƙa turuwa sama sannu a hankali har su mutu su kaɗe cikin kimanin wata guda. Farin furfurar da ke fitowa a ƙafa da hannu lokacin hunturu ragowarsu ce. Fatar saman gaba ɗayanta, a yawancin sassan jiki, kaurinta bai wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, wato kwatankwacin takarda, sai a tafin hannu da tafin ƙafa ne take haura milimita guda.

Inda launi yake

A cikin wannan binciken ne Malpighi ya taɓo wani batu da ya fi shafarmu. Turawan zamaninsa sun daɗe suna gardama a kan dalilin baƙin fatar mutanen Afirka. Wasu na cewa ƙunar rana ce, wasu na cewa jinin ne ko matsarmamar ce baƙa, wasu kuma na jingina abin ga tsinuwa. Malpighi ya nuna cewa launin yana zaune ne a cikin wannan siririyar shimfiɗa ta tsakiya, kuma abin da ke ƙarƙashinta iri ɗaya ne ga baƙi da fari. Duk wanda ya taɓa ganin ƙuna ko gurzuwa mai zurfi a jikin baƙin mutum ya ga shaidar haka, domin wurin yakan yi fari da ja kafin launin ya dawo daga gefe-gefe.

Da an bi hankali, da wannan ya rufe bakin masu gardama. To amma ba haka ta kasance ba. A ƙarni na 18, lokacin da cinikin bayi ta tekun Atlantika ke ganiyarsa, wasu marubutan Turai, ciki har da Voltaire na Faransa, sun ɗauki wannan shimfiɗar a matsayin hujjar cewa baƙar fata wani jinsi ne dabam. Binciken da ya nuna ƙanƙantar bambancin shi aka juya domin kambama shi. Sai da aka sami madubai masu ƙarfi aka gane cewa wasu ƙwayoyi na musamman ne ke sarrafa sinadarin launi da ake kira melanin, kuma yawan waɗannan ƙwayoyi kusan ɗaya ne ga Bahaushe da Bature. Bambancin yana ga yawan sinadarin da suke fitarwa da yadda suke rarraba shi. Zabiya ma yana da ƙwayoyin, sinadarin ne ba sa iya yi yadda ya kamata, shi ya sa rana ke yi masa illa har takan kai ga kansar fata. Mayukan bilicin da ake sayarwa a kasuwanninmu kuwa wannan shimfiɗar suke kai wa hari: wasu na hana ƙwayoyin aikinsu, wasu na sirantar da fatar har jijiyoyi su bayyana.

Suna a Landan, tsangwama a gida

Bayan komawarsa Bolonya a shekara ta 1666, Malpighi ya wallafa bincikensa a kan hanta da ƙoda da saifa. Labarinsa ya kai ga ƙungiyar masana kimiyya ta Ingila, Royal Society, sakatarenta Henry Oldenburg ya nemi su riƙa musayar wasiƙu, kuma a shekara ta 1669 aka zaɓe shi ɗan ƙungiyar. Ita ce ta buga masa littafinsa a kan tsutsar siliki, wadda ya feɗe ya nuna cewa ba ta da huhu, ta wasu 'yan bututu da ke buɗe a gefen jikinta take numfashi. Ita ce kuma ta buga aikinsa a kan yadda ɗan tsako ke ƙulluwa a cikin ƙwai a shekara ta 1673, da littafinsa a kan tsarin tsirrai a shekarun 1675 da 1679.

A gida kuwa bai sami sakewa ba. Abotarsa da Borelli ta yi sanyi. A shekara ta 1684 gobara ta cinye gidansa da ke Bolonya, ta haɗa da madubansa da takardunsa da dama. Sannan a shekara ta 1689 Giovanni Girolamo Sbaraglia, wanda a lokacin ya zama shehun malami a jami'ar, ya fitar da wata ƙasida yana sukar likitocin zamani. Ko shakka babu tsohuwar gaba na cikin lamarin, amma hujjar tasa ba ta banza ba ce. Abin da yake nufi shi ne: likita ya san tsirorin harshe da ragar huhun kwaɗo, to wane majinyaci ne ya warke saboda haka? Gaskiyar magana ita ce Malpighi da kansa, idan ya zo gaban mara lafiya, magungunan da ya gada daga magabata yake rubutawa. Ya rubuta doguwar amsa yana kare aikinsa, amma ba a buga ta ba sai bayan mutuwarsa.

Wani ɓangare na amsar ya riga ya bayyana a birnin Livorno tun shekara ta 1687, ba a dai kula ba. Wani matashin likita, Giovanni Cosimo Bonomo, da wani mai haɗa magunguna, Diacinto Cestoni, sun ciro wata 'yar mitsitsiyar halitta da tsinin allura daga fatar masu ƙazuwa, suka duba ta da madubi, suka zana ta, suka bayyana cewa ita ce ke haƙa rami a fata tana yin ƙwai, don haka maganin shafawa da wanke tufafi ake bukata, ba gyaran jini ba. Likitoci sun yi watsi da maganar kusan shekaru 150, har sai da wani ɗalibi mai suna Simon François Renucci ya sake ciro ƙwaron a gaban malamansa a birnin Paris a shekara ta 1834. A yau idan aka kankare fatar yaro mai ƙazuwa ko makero aka ɗora a gilashi aka duba a ɗakin gwaji, wannan hanyar ake bi. Haka nan ake ɗan tsaga fatar kunne a duba ƙwayoyin cutar kuturta.

Layukan yatsa su ma sun daɗe kafin su yi amfani. Malpighi bai lura cewa na kowa dabam ne da na wani ba. Nehemiah Grew na Ingila ya zana su a shekara ta 1684, Jan Purkinje ya kasa su gida tara a shekara ta 1823, sannan Francis Galton ya wallafa littafinsa a kansu a shekara ta 1892, shekarar da aka fara kama mai laifin kisa da zanen yatsa a ƙasar Ajantina.

Babbar matsalar duban fatar mai rai ita ce ɓawon sama na mayar da haske, ya hana ganin abin da ke ƙasa. Malpighi ya kauce wa wannan ta hanyar dafawa da ɗayewa, abin da ba a yi wa majinyaci. A shekara ta 1893 likitan fata na birnin Hamburg, Paul Gerson Unna, ya nuna cewa idan aka shafa mai a fatar aka danne ta da gilashi, ɓawon yakan bari haske ya ratsa. Wannan ne tushen ɗan madubin hannu mai fitila da likitocin fata ke ɗorawa a kan tabo a yau, wanda ke ƙara girman abu kimanin sau goma. Akwai kuma madubin da ke aiki da hasken leza, wanda tun shekarun 1990 ke nuna ƙwayoyin shimfiɗar Malpighi ɗaya bayan ɗaya a jikin mutum ba tare da an yanke shi ba, sai dai tsadarsa ta taƙaita shi ga manyan cibiyoyi.

A nan ne kunyoyin nan suka sake dawowa. Kansar fata mafi haɗari, wadda ake kira melanoma, idan ta kama baƙin mutum ta fi fitowa a tafin ƙafa ko tafin hannu ko ƙarƙashin farce, wuraren da launi ya yi ƙaranci, kuma sau da yawa akan ɗauke ta a matsayin tabon ƙaya ko tuntuɓe har sai ta yi nisa. Irinta ce ta kashe mawaƙin nan na Jamaika, Bob Marley, a shekara ta 1981, bayan ta faro daga ɗan yatsan ƙafarsa. Likitocin ƙasar Japan sun gano cewa idan aka duba baƙin tabo a tafin ƙafa da madubin hannu, wanda ba shi da illa yawanci launinsa a cikin kwarin kunyoyin yake kwanciya, na kansa kuwa a bisa doron kunyoyin yake hawa, daidai inda Malpighi ya ga kafofin gumi. Manomin da ya ga baƙin tabo yana faɗaɗa a tafin ƙafarsa, ko gyambon da ya ƙi warkewa, asibiti ya kamata ya nufa da wuri.

Kwanakin ƙarshe a Roma

Shi kansa Malpighi bai ga ko ɗaya daga cikin waɗannan abubuwa ba. A shekara ta 1691 Antonio Pignatelli, wanda ya san shi tun lokacin da yake wakilin fadar Paparoma a Bolonya, ya hau kujerar Paparoma da laƙabin Innocent na 12, ya kuma kira shi Roma domin ya zama babban likitansa. Malpighi ya amsa kiran duk da tsufa da ciwon ƙoda da ya daɗe yana damunsa. A shekara ta 1694 ya gamu da shanyewar jiki, matarsa Francesca ta rasu a cikin wannan tsakani, sannan ciwon ya sake buge shi a ƙarshen watan Nuwamba, ya rasu a fadar Quirinale yana da shekaru 66. Bai bar 'ya'ya ba.

Ɗalibinsa Giorgio Baglivi ne ya binciki gawar, inda ya tarar da jini kwance a cikin ƙwaƙwalwa da kuma tsakuwa a mafitsara. Daga baya aka mayar da gawar Bolonya aka binne ta a majami'ar Santi Gregorio e Siro. Ƙungiyar Royal Society ta buga ragowar rubuce-rubucensa a Landan a shekara ta 1697, ciki har da tarihin rayuwarsa da ya rubuta da kansa da kuma amsar da ya bai wa Sbaraglia, wanda ya ci gaba da sukarsa har bayan mutuwarsa.